Kafin Ka Sayi Motar Tsere, Tambayi Takardarta

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wata mota da tsakar dare, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, dubi araha." Porsche ce fara sol, ta yi ƙasa kamar ta kwanta a kan kwalta, ga wani faffaɗan fiffike a bayanta. A Jamus ake sayar da ita, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na 'yar'uwarta da ake hawa a titi ba. Yaron ya riga ya gama lissafinsa. Shi da wasu ɗalibai biyu za su haɗa kuɗi, a ɗoro ta a tirela a tsallako da ita, a sa mata lamba, duk ranar Asabar su fita shan iska. Na kira shi na yi masa tambaya ɗaya: an taɓa yi wa motar nan rajista a wata ƙasa? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ai ƙaramin abu ne, in ta iso a ji da shi."

Abin da ya kira ƙarami kuwa shi ne maganar gaba ɗaya. Na san ba shi kaɗai ba ne, kuna da yawa masu kwana kallon motocin tsere a waya kuna hango kanku a bayan sitiyari, don haka na ga gara in rubuta abin da na faɗa masa a daren, in ƙara da wanda barci ya hana ni ƙarasawa. Ba zan ce muku son mota laifi ne ba. Mu ma a zamaninmu mun yi haukar Fijo 504, har muna gane ta da kukan injinta tun kafin ta karyo kwana. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a harkar motar tsere da za a shigo da ita daga wata ƙasa, takarda ake fara dubawa kafin a buɗe bonet. Wanda ya biya kuɗi sannan ya je tambayar ko za a ba shi lamba ya yi cinikin biri a sama.

Sunan "motar tsere" ya lulluɓe abubuwa daban-daban. Akwai wadda kamfani ya ƙera don titi tun asali, amma ya ƙarfafa ta yadda za ta iya fage, irin su Porsche 911 GT3 RS. Wannan tana da shaidar cewa irinta ta cika ƙa'idar hawa titi, wahalarta ba ta wuce ta kowace mota 'yar ƙetare ba. Akwai kuma wadda aka haifa a motar titi, ta yi lamba, ta yi shekaru tana kai yara makaranta, sannan wani ya kwashe kujerunta, ya cire matatar hayaƙi daga salansa, ya walda mata kejin ƙarfe a ciki. Ita ma tana da asali, aikinka shi ne ka mayar da abin da aka cire. Mai wuyar ita ce wadda tun daga masana'anta ba a nufe ta da titi ba, kuma irinta ce a hoton ɗan ƙanwata: 911 GT3 Cup. In ka ajiye ta kusa da GT3 RS sai ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. Ƙungiyoyin tsere kamfanin ya sayar wa, ba ta da takardar amincewar hawa titi, kuma abin da mai sayarwa zai miƙa maka shi ne rasit da littafin tarihin tserenta. Arahar da yaron ya gani, kaso mai tsoka daga nan ta fito.

Daga nan sai lambar shasi. Motar titi ta zamani tana ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, a buge a jikin ƙarfenta. A ciki akwai alamar ƙasar da aka ƙera ta, da kamfanin, da irin motar, kuma ba a sa haruffan I da O da Q don kada a rikita su da 1 da 0. Ita ce sunan yanka na mota, da ita kwastan da 'yan inshora da ofishin rajista suke gane cewa mota ɗaya suke magana a kai. Motocin tsere da yawa ba su da irinta, sai wata gajeriyar lamba ta masana'anta a kan ɗan faranti. Motocin da Japan ta ƙera don kasuwar cikin gidanta ma gajeriyar lamba gare su, shi ya sa takardar fitarwa da hukumar Japan ke bayarwa bayan an soke rajistar mota take da daraja kamar motar kanta. Idan mai sayarwa ya fara kame-kame a kan lambar shasi, ko ya ce takarda za ta biyo baya, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Samari kan ɗauka duk wannan tsegumin ma'aikata ne, masu neman hanyar da za su wahalar da mutum. Ni ma na sha tsayawa layi a ofis har na ji haushin duniya, amma a nan ina bayan ma'aikatan. A fagen tsere kowa gaba ɗaya ya nufa, kowa da hular kwano, babu mai tsallakawa, babu yarinya mai talla, babu akuya, ga motar asibiti da 'yan kwana-kwana a gefe suna jira. Wanda ya ƙera motar fage abu biyu ne a ransa: ta yi gudu, in kuma ta daki bango direba ya fito da rai. Mai duba motar titi da sauran mutane ya damu. In ta bugi mai tafiya a ƙasa fa? In ruwa ya sauko da dare, na bayanta zai gan ta? In an ajiye ta a gangare aka shiga masallaci, za a fito a same ta a inda aka bar ta? Dokin sukuwa ba laifinsa ba ne in ya tattake tumatir a kasuwa, laifin wanda ya shigo da shi ne.

Ku ɗauki taya. Tayar tsere sumul take, babu zane, domin duk faɗinta ya kama kwalta, kuma ba ta kamawa sai ta ɗau zafi. Da yayyafi ya sauka ta zama sabulu. Dokar Ingila tana neman zanen taya ya kai zurfin milimita 1.6 aƙalla. Birkin tsere ma sai ya gasu yake ci, da sanyin safiya kuwa, daidai lokacin da yara ke tsallaka titi, ka taka ka ji kamar katako ka taka. Birkin hannun motocin tseren daji da mai yake aiki, an yi shi ne don direba ya fizgi bayan mota a kwana. In an ja an bar shi, matsin man kan iya saki a hankali mota ta gangara, shi ya sa doka ke neman birkin hannu mai riƙewa da waya ko ƙarfe zalla.

Kejin ƙarfen nan shi ya fi ruɗar yara, don suna ganinsa sai su ce ai wannan motar ta fi kowace tsaro. Tsaro ne ga wanda ya sa hular kwano, aka ɗaure shi tamau da bel mai madauri biyar ko shida, aka tallafe masa wuya. Kai da ka shiga da hular zanna, tsakanin kanka da bututun ƙarfen bai fi yatsa huɗu ba, kuma ɗan karon da a motar gida sai dai a sauko a yi cacar baki, a nan ya isa ya fasa ƙoƙon kai.

To, mu koma Ingila, tunda can yaron yake, kuma can ce ƙasar da ta fi suna wajen buɗe wa irin waɗannan motoci ƙofa. Da mota ta shigo, kwana 14 gare ka ka sanar da hukumar haraji, HMRC, ta tsarin da ake kira NOVA. Za a biya harajin VAT, kashi 20 cikin ɗari, a kan kuɗin motar haɗe da na jigilarta, sai kuɗin fito wanda ya danganta da ƙasar da aka ƙera ta. Sai an gama da wannan ofishin rajista na DVLA da ke Swansea zai ma kalli takardarka. Amma tsakanin haraji da lamba akwai wata gada, gwajin IVA, wanda aka fara a 2009 kuma hukumar DVSA ke gudanarwa. Ma'anarsa amincewa da mota ƙwaya ɗaya. A ƙa'ida kamfani ne ke kai irin mota a gwada, har a ragargaza wasu a bango, sannan a ba shi izinin sayar da dubbai. A IVA kuwa kai ne za ka kai taka ita kaɗai, a duba ta daga bamba zuwa bamba.

Duban ba na wasa ba ne. Mai dubawa yana da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake bi da ita jikin motar ta waje, duk inda ta taɓa dole gefen ya kasance a dakushe, lanƙwasarsa ta kai milimita 2.5. A cikin mota kuma yana da wata mai milimita 165. Ta farkon tana madadin jikin mai tafiya a ƙasa, ta biyun tana madadin kan fasinja. Motar tsere kuwa duk kaifi ce, fiffike, da leɓen gaba, da ƙusoshin bonet, da makunnan da ke gaban direba. Ƙarar salansa kada ta wuce desibel 99, daga rabin mita ake aunawa. Maleji ya nuna mil, kuma kada ya taɓa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi. Hasken fitilun gaba ya karkata hagu, tunda a hannun hagu ake tuƙi a can, motar Jamus kuwa dama nata ya karkata, in ba a canza ba sai ta riƙa kashe wa masu tahowa ido. Ga jar fitilar hazo a baya, ga sigina, ga oda, ga madubai, ga waifa da ruwan wanke gilashi. Gilashin kansa sai mai hatimin inganci, alhali tagogin motocin tsere da yawa roba ce. Hayaƙi ma sai an auna. Kafin a ba ta lamba ba a yarda ka hau titi da ita ba sai zuwa wurin gwajin da aka riga aka tsayar maka da rana, shi ma da inshora. In ta tsallake, ka cike fom, ka biya fam 55 na rajista da harajin hanya, ka zauna jiran littafin mota mai suna V5C.

Motar da ta haura shekara 10 tana samun sassauci, yawanci gwajin shekara-shekara na MOT ya wadatar, amma sai ka kawo shaidar shekarar da aka ƙera ta. Ka ga mun dawo kan takarda. In aka kasa tabbatar da shekarunta ko asalinta, lamba mai farawa da harafin Q ake ba ta. Duk wanda ya gan ta a titi ya san da ayar tambaya a kanta, 'yan inshora su ƙara kuɗi, masu saye su ja da baya.

Don ku san nauyin aikin, ga misali daga masu hannu da shuni. A 2015 kamfanin Aston Martin ya fitar da wata mota mai suna Vulcan, guda 24 kacal, inji mai silinda 12, ƙarfin doki 820, don fage kawai. Ɗaya daga cikin masu ita ya ce shi fa sai ya hau titi. Kamfanin RML, wanda sana'arsa ke nan gina motocin tsere, ya karɓi aikin, ya kwashe kusan shekara ɗaya da rabi a kai. Sai da aka sake fasalin bonet aka dasa fitilun gaba na kirki. Fitilun bayanta wasu tsinkaye ne da suka tsiro waje, sai da aka yi musu murfi. Aka ɗaga ta daga ƙasa, aka aro madubai daga wata motar kamfanin mai suna DB11, aka sa waifa, aka gyara giya da kuloci yadda za ta iya jan jiki a cunkoso, aka ƙara mata hanyar huce zafi. Wannan fa ƙwararru ke nan, da yardar kamfanin da ya ƙera ta. Haka kamfanin Lanzante da ke Petersfield, wanda ya kula da McLaren F1 GTR ɗin da ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1995, ya mayar da McLaren P1 GTR da dama motocin titi. Abu ne mai yiwuwa, ba na musu. Sai dai masu kai motocinsu irin waɗannan wurare ba sa tambayar nawa ne, ɗalibai uku masu haɗa kuɗin aljihu kuwa da tambayar za su fara.

Akwai wani labari da masu son mota ke yawan kawowa in ana wannan gardama. A 1975 wani basaraken Italiya, Gregorio Rossi, ya hau Porsche 917, motar Le Mans tsantsa, ya tuƙa ta a titi daga Stuttgart har Paris. Hukumomin Turai ba su ba shi lamba ba, sai ya samo ta jihar Alabama ta Amurka ya manna. Gaskiya ne an yi haka. Amma a 1975 aka yi, mutumin magajin gidan Martini ne da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar tseren Porsche, kuma masana'antar da kanta ta sa wa motar salansa da madubai da sigina. Shekara hamsin ke nan ana ba da labarin, wanda ya isa ya nuna muku ba kullum ake yi ba.

Amurkar da ta ba shi lamba a lokacin yanzu ita ta fi tsanani. A tsakiyar shekarun 1980 mutane sun riƙa sayo motocin Turai da kansu suna shigowa da su, dillalan manyan kamfanoni suka yi kuka, majalisa ta yi doka a 1988. Abin da ya fito daga dokar shi ne, motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar Amurka ba, sai dai a gyara ta ta hanyar mai shigo da kaya da gwamnati ta yi wa rajista, ko kuma a jira ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake ƙirgawa. Shi ya sa matasan can suka riƙa ƙirga kwanaki har Janairun 2024, lokacin da Nissan Skyline GT-R R34 na farko, ƙirar Janairun 1999, suka halatta. Bill Gates da duk dukiyarsa, Porsche 959 ɗinsa shekara 13 ta yi a hannun kwastan, sai a 1999 aka fito da wani izini na musamman don motocin da ba kasafai ake samun irinsu ba, shi ma da sharaɗin kada a wuce mil 2,500 a shekara. Ana iya shigo da motar tsere da izinin tsere, amma izinin da kansa ya haramta yi mata rajistar titi. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami: wata jiha mai sakaci kan ba da lamba, mai mota ya saki jiki, alhali a idon gwamnatin tarayya motar haramtacciya ce har gobe. Lambar jiha ba ta wanke laifin da aka yi a tashar jirgin ruwa.

Wasunku za su ce su ba Ingila suke ba, ba Amurka ba, gida za su kawo ta. To a nan ma da magana. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma dokokin hanya sun hana rajistar mota mai sitiyari a dama. Motocin Japan ɗin da kuka fi so, irin su Skyline, a dama sitiyarinsu yake. Ga kuma ƙa'idar kwastan da ta hana shigo da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙira. Ku lura da abin dariyar: Amurka ta ce sai mota ta tsufa ta kai 25, Ingila ta sassauta in ta wuce 10, mu kuma in ta wuce 12 mun rufe ƙofa. Mota ɗaya, amsa uku, shi ya sa shawarar da ka ji daga bakin wani ɗan Landan ba ta da amfani a Apapa. Tun 1 ga Janairun 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka mai ce maka zai biyo da ita ta Kwatano ya lallaɓo ta daji, sumoga yake gayyatarka.

Za a ce maka bakanike zai mayar da sitiyari hagu. Ana yi, na gani. Amma mayar da sitiyari ya haɗa da yanka bangon da ke tsakanin inji da direba, da sauya bututun birki, da karkatar fitila, da juyin waifa. A motar da ba ta wuce kai kaya kasuwa ma abin tsoro ne, balle wadda za ta yi kilomita 250 a awa. In kuma aka bar sitiyarin a dama, ka ƙaddara kana bayan tirela a hanya mai layi ɗaya kana so ka wuce: sai ka fitar da rabin motar cikin layin masu tahowa kafin idonka ya ga abin da ke gaba. Wanda ke zaune a gefenka shi zai fara gani.

Ko da motar ta tsallake waɗannan, jerin takardun da kowa ya sani yana nan: takardun biyan kuɗin fito na kwastan, rajista da lamba, takardar ingancin hawa titi daga jami'an duba motoci, sai inshora, wadda mafi ƙarancinta ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Kowace a cikinsu a kan lambar shasi take tsaye.

Yanzu ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. A duk ƙasar da kuke, in mota ta maƙale wani zai zo ya rage murya ya ce akwai hanya. Hanyar ita ce a sayo gawar motar da ta yi haɗari, a ciro farantin lambarta a manna wa taka, ko a rubuta a takardar kwastan cewa kayan gyara ne, ko a rage mata shekaru ko a ƙara. A Amurka kwastan sun murƙushe wata Land Rover Defender a Baltimore a 2013 saboda an sauya mata lambar shasi, suka ɗauki abin a bidiyo don kowa ya gani, a 2014 suka maimaita da wata Mini a New Jersey. Amma ni ba murƙushewar ce ta fi damuna ba. Ranar da motar ta bugi mutum, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora zai aiko mai dubawa, ya ga motar da ke gabansa ba ita ce a takarda ba, ya nemi zame wa biya. Iyalan wanda aka buge su shiga jeka-ka-dawo, kai kuma laifin haɗari ya haɗu da na jabun takarda. Lambar da ke jikin mota alkawari ce ga mutanen da ba su san ka ba, cewa an duba abin nan kuma akwai wanda za a riƙe. Mai manna lambar ƙarya ya ci amanar duk wanda zai gifta ta gabansa, ko da bai taɓa kowa ba. Hatta gyare-gyaren halal, kejin ƙarfe ne ko ƙarin ƙarfin inji, ku faɗa wa 'yan inshora tun farko, ku bar su su ƙara kuɗin.

Mu ce kuma komai ya tafi daidai, an ba ka lamba ta gaskiya. Ka samu motar da injinta ba da kilomita ake ƙirga rayuwarsa ba, da awa ake ƙirgawa, in awanninsa suka cika sai an sauke shi an warware an sake haɗawa, kuma cunkoson titi ma awa ne. Lagiretonta da iskar gudu ya saba, wasu ko fanka ba su da ita, minti goma a danja ruwa ya tafasa. Man da take sha ya fi na gidan mai ƙarfi, in ka ba ta na gama-gari inji ya fara ƙwanƙwasa. Tankin robar da ke cikin motocin tsere yana da wa'adi, shekara biyar ne a ƙa'idar hukumar tsere ta duniya, FIA. Babu abin sanyaya ciki, babu abin tare ƙara, sitiyarin ba ya juyuwa sosai balle ka yi kwana a lungu. Kowane tudun rage gudu sai ka tsaya ka yi masa gicciye kamar mai tsallaka kwata da sabon takalmi. Wahalar da ka sha duk don ka mayar da ita motar titi ce, ga shi ba ta yi daɗi a titi ba, kuma nauyin da ka ƙara mata ya rage mata kuzari a fage.

Abin da na ce wa ɗan ƙanwata shi ne kada ya tura ko sisi sai ya rubuta wa mai sayarwa ya nemi hoton lambar shasi, da kwafin rajistar da aka taɓa yi mata in akwai, da adadin awannin da inji ya yi tun saukewar ƙarshe. Sannan ya sauko da littafin ƙa'idojin IVA, wanda kyauta ne a intanet, ya zauna ya bi shi shafi-shafi da hoton motar a gefe, yana rubuta kuɗin kowane abu da za a canza. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma gudun ne yake so, filayen Ingila irin su Silverstone da Brands Hatch da Donington Park suna da ranakun da kowa zai iya biya ya shiga, har mota ake bayarwa haya da mai koyarwa a gefe. Wanda ya dage sai ya mallaki motar fage, ya saya mata tirela, ta zauna a matsayin da aka ƙera ta.

Amsar Bajamushen ta zo bayan kwana biyu, layi uku: ba a taɓa yi mata rajista ba, ba a ƙera ta don haka ba, kuma injin ya kusa cika awanninsa. Motar tana can a Jamus. Su ukun sun haɗa kuɗin rana ɗaya a Donington Park, ya turo mini bidiyon zagayensa na farko, inda wani dattijo a ƙaramar Mazda ya wuce shi a kwana. Da na tambaye shi yaya, sai ya ce hular kwanon ce ta matse masa kunne.